Saƙon Ruwan Farko

Sau uku Najiba tana ɗaukar saƙon a na'ura, sau uku muryarta tana rawa a wuri guda.

Ɗanjimma ya cire abin sauraro daga kunnensa ya ajiye a kan tebur. Bai dube ta ba. Tun da mahaifinta ya mayar da wakilansa na neman aurenta makonni uku da suka wuce, ya koyi yin aiki da ita ba tare da ya ɗaga ido ba.

"Sha ruwa," ya ce. "Mu sake."

Biron nasu, wato ofishinsu, ɗaki ɗaya ne a bayan tashar Filingue. Akwai panno biyu a kan rufi masu ba su wuta daga rana, da kwamfuta ɗaya, da tsofaffin katifu da Ɗanjimma ya jingina a bango don kada kukan motocin Yamai ya shiga cikin magana.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Ma'aikatan meteyo na Yamai suna aiko da hasashen ruwa da Faransanci. Najiba ta mayar da shi Hausar da ko tsohuwa za ta gane, ta faɗa da bakinta. Ɗanjimma kuma ya tura shi zuwa wayoyin manoman da suka ba da lambobinsu, daga cikin gari har ƙauyukan Kurfai. Wanda bai iya karatu ba, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ji.

Ta kurɓi ruwan, ta gyara mayafinta, ta matso.

"Assalamu alaikum, manoman Kurfai. Najiba ce daga Filingue. Ana sa ran ruwa tsakanin Talata da Laraba, in Allah ya so. Amma masana sun ce bayansa ruwa na iya ɗaukewa kamar kwana goma sha biyar. Wanda irinsa bai da yawa, ya yi haƙuri ya jira ruwa na biyu. Allah shi ne masani."

Wannan karon muryar ta tsaya. Ɗanjimma ya saurara har ƙarshe, ya danna, saƙon ya tafi.

A waje wani ɗan kamasho yana kiran masu zuwa Baleyara.

"Har yaushe za mu zauna haka?" ta tambaya a hankali. "Kamar baƙin da sunka gamu cikin mota?"

"Malam ya ce a'a, Najiba."

"Na ji shi. Ina bayan zana lokacin da ya faɗa."

"To ban da ikon ƙetare maganarsa." Ya naɗe wayar abin sauraron a yatsunsa. "Amma bai ce in bar jira ba. Wannan nawa ne."

Kowa a Filingue ya san dalilin a'ar Malam Manzo, mahaifin Najiba. Ɗanjimma yana salla, kawunsa ne ya raine shi a gari tun yana lakwal, makarantar boko. Amma mahaifinsa, tsoho Ɗangoma na Tungar Gawo, yana nan a kan al'adar kakanni. Shi ne yake buga arwa kowace shekara kafin damina, ya duba ƙasa, ya gaya wa garinsu ranar shuka. Malam Manzo ya ce ba ya da abin faɗa a kan halin yaron, amma ba zai kai ɗiyarsa gidan arwa ba.

"Kamal na nan tahe cikin satin nan," in ji Najiba.

Hannun Ɗanjimma ya tsaya.

"Ɗan Gwaggo Mas'uda?"

"Shi. Baba ya ce in gyara ɗakin baƙi."

"Allah shi kawo shi lahiya," ya ce. Ya juya ga kwamfuta, ya daɗe yana kallon allon da ba abin da ya rage a yi a kansa.

* * *

Ruwan ya sauko ranar Laraba da hantsi. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kafin azahar hanyoyin gona sun cika da mutane, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri a ka.

Najiba ta tarar da mahaifinta a bakin rumbu yana sauko da damman iri gaba ɗaya. Ta durƙusa.

"Baba, da ka rage ko rabi."

Malam Manzo mutum ne mai sanyin magana, ba a cika jin muryarsa daga wajen gida ba. Ya dube ta ta saman gilashinsa.

"Tun ba a haihi masu waya ba nike shibka, ɗiyata. Tashi ki taya innarki."

Ya shuka gonarsa ta kwarin Dallol duka a kwana biyu.

Kamal ya iso ranar Alhamis a motarsa fara. Yana da kantin kayan gini a Yamai, kyakkyawa ne, mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna. Ya kawo wa Malam sabon bargo, ya kawo wa Najiba turmi biyu na atamfa. Ta yi godiya, ta ajiye su a kan akwati ba ta kwance ba.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a, Malam ya aika a kira ta zaure. Kamal yana zaune a gefe, kansa ƙasa, yana juya makullin mota.

"Zauna," in ji Malam.

Ta zauna a bakin tabarma.

"Wanga saƙo da kike karantawa, daga ina shike hitowa?"

"Daga Yamai, Baba. Daga ma'aikatar meteyo."

"Ba haka anka ce ba a tasha."

Ta dubi Kamal. Bai ɗago ba.

"An ce arwar uban yaron nan ce," Malam ya ci gaba, kowace kalma da nauyinta. "Tsohon shi duba ƙasa a garinsu, ɗansa shi ɗauko, ke kuma ki sa mata sallama a gaba, ki sa 'in Allah ya so' a tsakiya, ki zuba a kunnen Musulmi. Haka anka ce. Yau a masallaci mutum biyu sun sauya wuri da na zauna kusa da su."

Najiba ta ɗago kai da sauri.

"Baba, wallahi ba gaskiya ba ne. Takardar tana biro, da hatimi a kanta. In kawo maka yanzu."

"Na iya Faransanci ne?"

"Yaya Kamal ya iya."

Sai a lokacin Kamal ya ɗago. Muryarsa a tausashe take, kamar mai lallashi.

"Najiba, takarda kowa na iya buga ta a kwamfuta. Ni ban ce gaskiya ba ne, ban ce ƙarya ba ne. Abin da na ji na kawo wa Kawu, don sunan gidan nan sunana ne. Wa ke karɓar takardar in ta iso? Ke ko shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Shi ke buɗe kwamfutar," ta ce daga baya. "Amma ni nike karantawa da idona."

"To kin gani."

Hawayen da take dannewa suka zubo. Ba ta share ba. Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci mahaifinta.

"Baba, kai ka kai ni lakwal da hannunka lokacin da maƙwabta ke maka dariya. Kai ka ce in yi karatun da zai amfani mutane. Shekara biyu ina wanga aiki. Bara da tsutsa ta faɗa wa hatsi, saƙon nan ne ya sa mutanen Shikal sunka tashi da wuri. Ka san ni. Ka taɓa kama ni da ƙarya? Ka ce ba ka ba ni Ɗanjimma, na yi kuka a ɗakina, ban mayar maka da magana ba. Amma kada ka yarda da cewa na sai da addinina don namiji. Wannan ba ni iya ɗauka, Baba."

Malam ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Ban ce kin sai da komi ba. Ana iya amfani da mutum bai sani ba." Ya mayar da gilashin. "Gobe ki kai masu makullinsu. Muryarki ta huta daga aljihun mazan Kurfai. Gwaggonki kuma za ta zo ran kasuwa ta sama, mu yi maganar da ta kamata."

"Baba..."

"Na gama, Najiba."

* * *

Da safe ta tarar da Ɗanjimma a kan rufin biro yana wanke panno da tsumma. Da ya gan ta da makulli a hannu, ya sauko bai tambayi komai ba. Maganar ta riga ta iso shi. Tun jiya mutane suke zuwa suna cewa a cire lambobinsu.

Suka tsaya a inuwar itacen bedi, ƙofa a buɗe, tazara a tsakaninsu.

"Na rubuta wa direkta," ya ce. "Na roƙi a mai da ni wani wuri. Tawa, ko Doso, duk inda akwai gurbi. In na tahi, maganar za ta bi ni. Su kawo wani, ki koma ga aikinki."

"Ka aika?"

"Ban aika ba tukuna."

"To kada ka aika."

"Najiba, sunanki ne ake taunawa a tasha."

"In ka tahi, ka sa hannu ke nan a kan ƙaryar! Za su ce ga shi, an gano shi ya gudu." Ta dafe ƙirjinta. "Ni kuma ka bar ni da wa? Ka bar ni in zauna ina kallon atamfar Kamal?"

"Kamal ba mugu ba ne. Zai riƙe ki da daraja."

"Kai ne kake faɗa mini haka?"

Ya kau da kai.

"Mi kike so in ce? Dare da rana ina neman hanyar da ba za ta raba ki da mahaifinki ba, ban samu ba. Ni na san yadda rashin uba a raye yake. Ba ni so miki shi."

"Mi kake nufi? Wani abu ya faru a gida?"

"Bar maganar gida."

"Ka je ka kawo Baba Ɗangoma mana. Shi faɗa da bakinsa cewa ba ruwansa da saƙonmu."

"A'a."

"Don mi?"

"Na ce a'a, Najiba. Ki yi haƙuri. Komi kika roƙe ni zan yi, ban da wannan."

Ba ta taɓa jin ya yi mata magana da wannan kaifin ba. Ta dube shi ta cikin hawaye, tana jiran bayani. Ya sunkuya ya ɗauki tsummansa.

Ta miƙa makullin. Ya buɗe tafin hannunsa, ta sake shi daga sama, yatsunsu ba su haɗu ba.

"Abu guda nike roƙo," ta ce. "Ka riƙe takardar nan har ruwa na biyu. In ya sauko ba abin da ya sake, ka aika, ba zan hana ka ba."

Ya rufe hannunsa a kan makullin.

"Har ruwa na biyu."

* * *

Kwana biyar, sama fes. Kwana takwas, sama fes.

Hatsin da ya tsiro kore shar ya fara lanƙwashewa da rana, ya miƙe da safe, daga baya ya daina miƙewa. Iska ta taso daga gabas ta rufe wasu ramukan da rairayi. Malam Manzo yana zuwa gona bayan asuba, ya dawo ya zauna a zaure da carbinsa.

Najiba ta ɗauka cewa in hasashen ya tabbata, bakin mutane zai mutu. Sai abin ya juye. Matan da suke zuwa sayen kuka wurin Inna suka fara cewa, ashe arwar tsohon tana ci. Wasu da tsoro suke faɗa, wasu da sha'awa. Gaskiyar saƙon ta zama sabuwar shaida a kanta.

Ran kwana na goma Inna ta same ta a bayan ɗaki tana tsince zogale za ta yi kopto, kwaɗon ganye, hawaye na ɗiga a cikin ƙwarya.

"Kopton nan gishirinsa zai yi yawa," in ji Inna. "Taso ki gani."

Ta ja ta zuwa ɗakinta, ta janye tabarmar da ta rufe wata tsohuwar tukunya a bayan gado. Cike take da irin hatsi, an barbaɗa toka a kai.

"Inna!"

"Rufe bakinki. Tiya shida ce. Ran da babanki ke sauko da damma na ɗebe." Ta mayar da tabarmar. "Ni ban san meteyo ba, ban san arwa ba. Na san muryar ɗiyata in tana faɗin gaskiya. Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin yi tari."

Najiba ta yi dariya cikin kuka, ta kifa kai a kafaɗar uwarta.

Ran kwana na goma sha uku, bayan la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida da wata murya da ba su sani ba.

Najiba ce ta kai ruwa zaure. Baƙon tsoho ne dogo, busasshe, da baƙar riga ta saƙi da ta koɗe a kafaɗu, da layu a damtse, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta gane goshin da idanun. Ƙoƙon ya kusa suɓuce mata.

Malam Manzo ma ya gane shi. Ya jawo tabarma mai kyau ya shimfiɗa.

"Bismilla. Daga Tungar Gawo a ƙasa?"

"Tun hantsi nike tahe," in ji Ɗangoma. Ya karɓi ruwan ya sha, ya dubi Najiba. "Ke ce mai muryar?"

"Ni ce, Baba."

"Ta hi ki girma," ya ce. "Na aza babbar mace ce."

Ta koma ciki, amma ba ta wuce bayan bangon zauren ba. Ta jingina, ƙoƙon a ƙirjinta.

"Malam," ta ji tsohon yana cewa, "ban zo roƙon aure ba. Wannan ka yanke, gidanka ne, ɗiyarka ce. Na zo karɓar abina da anka ɗauka."

"Mi anka ɗaukar maka?"

"Arwata. Jiya wani mai kurar jaki ya zo garinmu shina yi mini barka, wai arwata ta ci, wai ni na ce kada a shibka. Ni ban ce ba. Na buga arwa bana gaban gari duka, na ce ruwan hwari na shibka ne, kowa shi hito da irinsa. Ka ji abin da na ce ke nan."

Tsohon ya gyara zama ya ci gaba.

"Ina rufe baki, ɗana ya miƙe tsaye gaban dattawa. Ya ce, Baba ka yi haƙuri, masana sun ga ruwa zai ɗauke, a jira na biyu. Shekara talatin da wani abu ina wanga aiki, Malam. Ba wanda ya taɓa mai da mini magana, sai wanda na haihwa. Na ce shi hita mini gida, kada in sake ganin ƙafarsa. Ya duƙa ya ɗauki takalmansa ya hita. Na shibka gonata duka. Ta ƙone. Na biyo ta taka ɗazu, na ga tamu ɗaya."

Najiba ta toshe bakinta da mayafi.

Sai Malam ya tambaya: "To mi ya hana yaron faɗi? Sati biyu ana zaginsa a gari."

"In ya faɗi, mi ya faɗi? Ya tsaya tsakar kasuwa ya ce arwar ubana ta faɗi ƙasa, ni na yi daidai? Ya gwammace a zage shi da a yi mini dariya." Tsohon ya yi tari. "Ni na kore shi, shi kuma shina rufa mini asiri. Da na gane haka jiya, abinci bai shiga ba."

"Allahu akbar," Malam ya ce a hankali.

"Kuskuren bana nawa ne, a bar mini shi. Ba ni son a ba ni gaskiyar da ba tawa ba, a kuma ɓata ɗiyar mutane da ita. Matan garinmu sun ji muryarta a waya, sun ɓoye iri cikin tukwane ba da sanina ba. Shi za mu shibka in ruwa ya komo. Ba don ita ba, da bana sai mu watse."

Najiba tana jin ƙarar carbin mahaifinta, ɗaya bayan ɗaya.

"Hanyata daban, taka daban," Ɗangoma ya ƙara. "Ba ni barin tawa, na tsuhwa a kanta. Yaron ya bi taku tun shina ƙarami, ban hana shi ba. Ku kuna ce mishi namu ne, mu muna ce mishi naku ne. Shi kaɗai shike tsaye a tsakani. Abin da na zo faɗi ke nan. Ran kasuwa zan tsaya a tasha in sake faɗinsa, kowa shi ji."

Ta ji motsin tashinsa, da ƙarar sandarsa a ƙasa.

"Ka kwana mana," in ji Malam. "Rana ta yi sanyi."

"Akwai ƙofar da zan buga kafin in kwana ko'ina. An ce ɗana bayan tasha yake."

Najiba ta leƙa. Mahaifinta ya sa hularsa, ya zura takalmi. Ta ɗauka a bakin ƙofa zai tsaya, sai ta ga ya fita tare da baƙon. Suka bi babban titi kafaɗa da kafaɗa, suka wuce majalisar masu shayi, suka wuce ƙofar masallaci inda mutane suke zaune suna jiran magariba. Kawuna suna juyawa suna bin su. Malam bai gaggauta ba.

* * *

Malam bai yi mata magana ba sai washegari da hantsi. Ya kira ta gindin rumbu, inda yake zaune yana gyara ƙotar sungumi.

"Na zalunce ki," ya ce, bai yi kwana-kwana ba. "Na ɗauki maganar tasha na ɗora a kan taki. Ki yahe mini."

Ta durƙusa da sauri. "Baba, don Allah kada ka ce haka."

"Na faɗa, kuma kin ji. Gobe ki koma ga aikinki. Mutane na jiran su ji yaushe ruwa zai komo, ni ma ina cikinsu."

Ta share ido. Ta tsaya jiran sauran.

Malam ya ajiye sungumin a kan cinyarsa.

"Ɗayar maganar kuma, kada ki aza na ce i. Ban ce ba. Yaron da ya riƙe mutuncin uban da ya kore shi, na san abin da ya cancanta. Jiya na ga sun gamu a ƙofar biro, sai da na juya baya. Amma akwai abin da ba ki sani ba."

"Mi ne ne, Baba?"

"Bara da azumi na ba Gwaggonki baki. Ta roƙe ni ke don Kamal, na ce na ba ta."

Najiba ta ɗago ta dube shi.

"Ba ka tambaye ni ba."

"Ban tambaye ki ba. Shi ne kuskurena na hwari, sauran duk bayansa sunka biyo." Ya dubi ƙasa. "Ina da shekara bakwai iyayenmu sunka rasu. Mas'uda ce ta goya ni. Ta yi daka a gidajen mutane ta ciyar da ni, ta ƙi aure har sai da na kai ga riƙe hauya. Duk tsawon rayuwata abu guda ta taɓa roƙona, shi ne wanga. Bakina ba shi iya buɗewa gabanta in ce na janye. Ko na so, ba shi buɗewa."

"To ya za a yi da ni?" ta tambaya. "In biya abin da ban ci ba?"

"A'a. Addini bai ba ni ikon ɗaura miki aure da wanda ba ki so ba, kuma ba ni yi. Amma ni ba ni iya warware shi. Ke kaɗai ke iyawa. In ta zo, za ta tambaye ki gaban kowa, haka al'adarta take. Ba zan yi magana dominki ba, ba kuma zan yi a kanki ba. In kin yi shiru, shirun amsa ce."

"Za ta yi fushi da kai."

"Za ta yi. Wataƙila har ta bar taka gidan nan." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Ki auna da kyau, ɗiyata. Abin da duk kinka zaɓa, akwai wanda zai yi kuka."

Ranar kasuwa garin ya tashi da hadari a gabas, baƙi ƙirin, iska mai sanyi tana kaɗa zanan gida. Tun da safe labari ya iso cewa tsohon Tungar Gawo ya tsaya a tasha ya yi magana, mutane sun taru har motoci sun rasa hanya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya farar motar ta tsaya a ƙofa.

Gwaggo Mas'uda ta shigo tana dogara sanda, ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, Kamal yana biye da ita. Bayansu mata biyu suka shigo da akwatuna a ka, suka jera su a tsakar gida. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Wata ta soma gyara murya za ta rangaɗa guɗa.

Malam Manzo ya durƙusa gaban yayarsa kamar ƙaramin yaro. Ta dafa kansa.

"Manzo, ka rame. Ina ɗiyata? A kira mini ita in gan ta, a buɗe kayan nan kafin ruwa shi sauko."

Najiba tana tsaye a cikin ɗaki, hannunta a kan labule. Inna ta gyara mata mayafi ta baya, ta matsa kafaɗarta sau ɗaya.

Ta fito. Ta ratsa tsakanin akwatunan, ta durƙusa gaban tsohuwar, ta gaishe ta da hanya, ta tambayi mutanen Yamai ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo tana amsawa tana murmushi, tana shafa mata kumatu.

Ɗaya daga cikin matan ta sunkuya ta kama zip ɗin babban akwatin.

"Dakata, Tanti," in ji Najiba.

Matar ta tsaya. Kamal ya ɗago kai. Malam ya rufe idanunsa.

Najiba ta kama hannun Gwaggo da hannayenta biyu, ta dube ta cikin ido. Muryarta ba ta yi rawa ba.

"Gwaggo, ke kika raini Baba, ba ni da wadda ta hi ki. Don haka ba zan yi miki ƙarya ba. Kada a buɗe kayan nan. Akwai wanda nike so, kuma ba Yaya Kamal ba ne."